Tuli na Huɗu

Tawadar sabuwar firintarmu ce ta ƙare ranar Laraba da safe, shi ya sa na sauka ofishin sakataren sashe da filashi a hannu, ina ta mita a kan matakala. Takarda ɗaya tak nake son bugawa, hanyar tauraro mai lamba 3117, wadda Farfesa zai ɗaga wa jama'a ranar Asabar a laccarsa ta ban kwana. Ta asali tana ɗaya hannuna, ta sha taɓi har ta yi laushi, kofin shayi ma ya bar mata shaida a gefe. Na ce ba za a nuna wa baƙi wannan ƙazanta ina raye ba.

Tsohuwar firintar da muka yar wa sakatare bara ta yi tarin da ta saba, ta turo takardar da ƙyar. Na ɗauka na duba, na ce lallai tsufa ya kama wannan abu. Zanen a kwance ya fito, daga hagu zuwa dama. Na hannuna kuwa a tsaye yake, daga sama zuwa ƙasa. Alhali tauraro ɗaya ne, daga fayil ɗaya.

"Dakta, lafiya? Kin tsaya kamar an kawo miki sammaci," in ji sakatare.

Na ce lafiya lau, na fito. Ban kai rabin matakala ba na tsaya, na zauna a nan.

Dole in ɗan yi bayanin aikinmu, in ba haka ba a ce mace da girmanta ta zauna a matakala tana neman kuka don takarda ta juya. A sararin sama akwai manyan gungun taurari, kowanne da taurari biliyoyi, suna juyawa kamar faifai. Da yawa daga cikinsu wani dogon haske ya ratsa tsakiyarsu, mu muna ce masa sanda. Babu ƙarfe a ciki, babu itace, taurari ne zalla, kowanne yana tafiyarsa. Abin da ya hana sandar watsewa shi ne yawancin taurarin cikinta doguwar hanya siririya suke bi, su je wannan ƙarshe su dawo wancan, nauyinsu kuma ya jawo wasu su bi sahu. Farfesa yana kiran waɗannan 'yan gida. Akwai wasu ƙanana can kusa da cibiya da suke ratsa sandar a gicciye suna raunana ta, su ne 'yan gicciye. Sauran da ba su da kan gado, yau nan gobe can, ya sa musu 'yan gantali.

A kwamfuta muke gina gungun, mu zaɓi tauraro, mu bi shi shekaru biliyoyi, mu zana hanyarsa yadda wanda ke zaune a kan sandar zai gan ta. Kowa a duniya yanzu kwamfuta yake bari ta rarraba masa hanyoyin nan. Ban da Farfesa. Shi sai an buga masa kowacce a takarda, ya zauna a ƙarshen dogon tebur ya duba da idonsa, ya jefa a tulin da ya dace. Ya ce kwamfuta ba ta mamaki, wanda ba ya mamaki kuwa ba zai gano komai ba. Kuma yana da doka. Ba rubutu a fuskar takarda, ba lamba, don kada zuciya ta riga ido yanke hukunci. Zane kawai, sai 'yar kibiya a kusurwa mai nuna inda sandar ta miƙe. Takardun a kife suke fitowa daga firinta, in rubuta lamba a baya da biro, in miƙa masa. In ya gama in karanta bayansu in shigar a kwamfuta. Fuskar takarda ba tawa ba ce.

Shekara tara ina bin dokar nan ba gardama. Mutumin da ya karɓe ni lokacin da na zo neman gurbin digiri na uku da cikin wata shida, malamai biyu sun riga sun kalli cikin sun ce guraben sun cika, ai ko cewa ya yi in rubuta lamba da hannun hagu zan rubuta. Ni ce ɗalibarsa ta ƙarshe, shi ya sa har yau da nake koyarwa a sashen Auta yake kirana, ni kuma in ce Baba.

Bara tuli na huɗu ya tashi. Hanyoyi ne dogaye, tsawonsu ya kai na sandar kanta, amma a gicciye. Ba wanda ya taɓa ganin irinsu. Baba ya sa musu dogayen gicciye, ya ce su ne amsar tambayar da ta ci masa shekara talatin, wato abin da ke hana sanda ci gaba da ƙara tsawo. Tsohon nan ya koma saurayi. Ya rubuta wa abokansa na ƙasashen waje, uku suka ce za su biyo jirgi su zo laccar. Ni kuma sau ɗaya na ce masa ya kamata mu tara hanyoyin duka wuri ɗaya mu ga ko za su ba mu siffar sandar da muka fara da ita. Ya ce sai bayan lacca. Ban matsa ba. Aikin wuni ɗaya ne, da na yi shi da asiri ya tonu tun tuni. Amma sunana ne na biyu a kan rahoton, ni ma ina so abin ya zama gaskiya.

To a matakalar nan na yi abin da ban taɓa yi ba, na nemi kibiyar. A takardar da na bugo yanzu ta nuna dama, ta bi tsawon zanen. A ta asalin, wadda sabuwar firinta ta buga, ta nuna sama, nan ma ta bi tsawon zanen. Magana ɗaya suke yi: 3117 ɗan gida ne, na fili ma. Sabuwar firinta ce take juya hoto don ya cika takarda, ta juya shi har da kibiyar, ba ta ɓoye wa kowa komai ba. Duk mai ido zai gani.

Na haura ɗakin rarrabawa na kulle ƙofa, na kife tuli na huɗu na bi lambobin. Takarda ɗari tara da goma sha huɗu. Mafi ƙanƙantar lamba 2701, takardar farko da sabuwar firinta ta buga mana. Ko ɗaya babu daga kafin nan. Sai kuma wata tambaya ta fi wannan tayar min da hankali. Baba, wanda ya koya min cewa kibiya ake fara dubawa kafin zane, ta yaya ya tsallake ta sau ɗari tara?

Maigidana, injiniyan gini ne, ya zo ɗaukata da la'asar. Tun kafin in rufe ƙofar mota ya fara tsokanar da ya saba.

"Yaya taurari? Sun dawo gida lafiya, ko har yanzu suna gantali?"

Na zayyana masa komai. Ya saurara har muka wuce shataletale biyu, sannan ya ce, "To ki juya takardun mana. Mu in an kawo zanen gini a juye, juyawa muke yi, ba a kiran taro."

"In na juya su babu abin da ya rage! Ba sabon abu, ba lacca, ba komai. Shekara talatin ɗin mutum ce fa, kana min maganar bulo."

Ya bar ni na huce. Da muka tsaya a danja ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ni abin da ban gane ba, kunyarsa kike tsoro ko taki?"

Na ji haushinsa har washegari, don ya taɓa inda yake ciwo.

Ranar Alhamis da sassafe na tafi gidan Baba, na ce gara ya ji a cikin gidansa. Ban same shi ba, ƙanensa ya kai shi aski, daga can zai wuce ofis. Matarsa na tarar, wadda duk ɗalibansa muke kira Umma, a durƙushe a kan matakalar bene da farin salatif, tana manna shi a bakin kowane taki. Na tsaya ina kallonta. A kan teburin falo ga jawabin Baba an kwafe shi da baƙin alƙalami mai kauri, kalma biyar ko shida a kowane shafi.

Ta ga inda idona ya sauka. Ta ajiye almakashi ta zauna a taki na biyu.

"Wata goma sha huɗu ke nan, 'yar nan," in ji ta. "Likita ya ce tsakiyar idon ce take mutuwa a hankali. Manyan abubuwa yana gani, ƙanana sun tafi. Ya rantsar da ni kada in faɗa wa kowa a wurin aiki, ke musamman."

Na zauna a taki na ƙasa da ita na faɗa mata abin da ya kawo ni. Umma ba ta san ɗan gida ba, ba ta san ɗan gicciye ba, amma ta gane sarai. Ta daɗe tana murza salatif ɗin a hannunta.

"Kwana biyu ne kawai," ta ce. "Ki bar shi ya hau, a tafa masa, ya sauko. Ranar Litinin ki faɗa masa duk abin da kika ga dama."

"Umma, za a ɗauka a bidiyo. Baƙin nan da za su zo ba 'yan kallo ba ne. Ɗaya daga cikinsu zai nemi fayil ɗin, kafin ya isa gida ya gane."

"Sai ya gane a gidansu. Ni dai a nan kada a gane." Ta ajiye salatif ɗin. "Shekara arba'in da ɗaya ban taɓa sa baki a aikin Malam ba. Yau na roƙe ki. Abin nan shi ke tashinsa da safe. In kika karɓe masa kafin Asabar, ban san wanda za a dawo min da shi gida ba."

Na ce, "To, Umma." Ita ta ɗauka alkawari ne. Ni ma a lokacin ban san ko shi ne ba.

Ƙarfe goma da rabi Baba ya shigo ɗakin rarrabawa, kai ya sha aski yana ƙyalli, yana ƙanshin turare. Ɗakin nan ba a kunna fanka, don iska tana kwashe takardu, saboda haka kullum da zafi, kullum da warin tawada. Tuli uku suna cikin kwalaye a gefen tebur. Na huɗu kuwa a tsakiya yake ajiye shi, ya danne da wani guntun ƙarfe. Yau da na sani sai na ga abin da na yi wata goma sha huɗu ban gani ba: yadda yake shafa bayan kujera kafin ya zauna, yadda yake ɗan kau da kai gefe in zai dube ni.

"Auta, zauna ki ji yadda zan buɗe. Zan ce, jama'a, shekara talatin ina neman mai riƙe linzamin sanda..."

Da ya yi shiru ne, da ya zo da gajiya ko ɓacin rai, wataƙila da na ji maganar Umma. Amma na hango shi a gaban mutum ɗari uku yana faɗin wannan jimla da wannan fara'a, da takardar a ɗage, kibiyar tana nuna sama kowa yana iya gani sai shi. Na ji ba zan iya zama a layin gaba ina tafi ba.

Na ajiye takardun biyu a gabansa. "Baba, duba min waɗannan."

Ya yi dariya. "Yau ni ake wa jarrabawa? Wannan ɗan gida, wannan dogon gicciye. Na ci?"

"Tauraro ɗaya ne, Baba. 3117. Wannan daga tsohuwar firinta, wannan daga sabuwa. Duba kibiya."

Dariyar ba ta tafi lokaci ɗaya ba, a hankali ta zare. Ya ɗauki ta asalin mai shaidar kofin shayi ya kawo ta dab da hanci, ya nisanta ta, ya karkata kai. Ya tashi ya je taga ya ɗaga ta a haske. Ni ce na siranta kibiyar nan shekarun baya, na mai da ita ruwan toka, don ya ce mai kauri tana jan ido. Ina tsaye ina kallon bayansa, na tsani kaina, na tsani firintar da wanda ya sayo ta.

Ya dawo ya zauna, ya miƙo min hannunsa na dama. "Sa min yatsa a kai."

Na kama yatsansa na ɗora a gindin kibiyar, na ja shi zuwa tsininta. Sama.

"Guda nawa?"

"Duka, Baba. Babu ko ɗaya kafin 2701."

Ya gyaɗa kai ya daɗe yana gyaɗawa. "Tun bara rabona da ganin kibiyar nan," ya ce. "Na ce ai shekara talatin dama take nunawa, ba ta taɓa canjawa ba. Kuma na ce Auta na nan."

"Ni kuma na ce Baba na nan." Daga nan kuka ya ƙwace min, irin mai kunya, da majina da komai.

Bai lallashe ni ba. Ya jira na gama, ya ɗauke guntun ƙarfen daga kan tulin ya ajiye a ƙasa.

"Share fuskarki ki matso. Ki duba kibiyar kowacce, ki juya ta daidai, ki miƙo min. Ba a rushe tuli da baki, ɗaya bayan ɗaya aka tara shi."

Na san abin da yake nema. Cikin ɗari tara da goma sha huɗu ko guda ɗaya ta tsaya a gicciye bayan an juya ta, yana da abin da zai hau da shi ranar Asabar. Ni ma na fara sa rai, duk da na fi kowa sanin babu.

Muka fara. In juya, in miƙa, ya karkata kai, ya ce ɗan gida, ya jefa a kwali. Jefi-jefi ya ce ɗan gantali. Sakatare ya ƙwanƙwasa ya ce shugaban sashe yana tambayar taken da za a buga a allon sanarwa, Baba ya ce a jira. Muka tashi salla muka dawo. Na kawo masa shayi da biskit, suka huce a gefe. Wayata ta yi ta ruri a jaka, sunan Umma, sau huɗu, ban ɗauka ba. Tulin yana ta raguwa, muryarsa tana raguwa tare da shi, har ya daina faɗin sunan, jefawa kawai yake yi. Sau biyu ya riƙe takarda ya daɗe, sai ya girgiza kai ya jefa ta inda 'yan uwanta suke.

Rana ta koma bayan ginin da ke kallonmu, hasken taga ya rage. Na kunna fitila, ya ce in kashe, ƙyallinta a kan farar takarda ya fi duhu cutar da shi.

"Saura nawa?"

"Ita ce ta ƙarshe, Baba."

Na juya ta na sa masa a hannu. Ya riƙe da hannu biyu. Ya karkata kai hagu, ya karkata dama. Can ya turo min ita a kan tebur, fuskarta a sama.

"Idon ya gaji, ko zanen ma ba na rabewa. Ke faɗa min."

Na duba. Doguwar hanya ce siririya, kyakkyawa, ta kwanta a kan kibiyar kamar an auna.

"Ɗan gida ne, Baba."

Ya karɓa ya sa a kwalin da kansa. Ya zauna yana kallon wurin da tulin yake a da, inda ƙura ta bar siffarsa a kan tebur.

"Kin je gida da safe," ya ce.

"Na je."

"Ta ce ki jira Litinin."

"Ta ce."

"Da kin ji maganarta da ban yafe miki ba har in mutu." Ya dafa tebur ya miƙe, ya shafa ya nemo hularsa. "Yanzun ma ban san ko na yafe ba tukuna. Kada ki tambaye ni yau."

Ya sa hular, ya nufi ƙofa.

"Sauka ki ce wa sakatare a cire taken nan, gobe zan ba da wani. Ki kira Umma ki ce ta zo da mota har ƙofa." Ya kai bakin ƙofa ya tsaya, hannunsa a kan mariƙi, bai waiwayo ba. "Sannan ki turo min sakataren ya riƙe ni a matakala. Shi, ba ke ba."